Ƙanwata ta samu gurbi biyu, Samaru da Kafin Hausa: wanne za mu ɗauka, kuma ina za ta zauna?

Tela Daga Haɗeja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan harkar jami'a, musamman yayyenmu mata da suka yi karatu a Zariya.

Ƙanwata ce ta gama sakandare bana. Mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ne babba a ɗakinmu, kuma da keken ɗinki nake riƙe da gidan. Ta ci maki 248 a JAMB, NECO ɗinta ma ta yi kyau, tana da kiredit a Turanci, Lissafi, Kemistiri, Fizis da Bayoloji. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, ta nema, kwas ɗin Famasi, don tun tana ƙaramar sakandare ba ta da zance sai na haɗa magani. Ta je ta yi tantancewar makaranta. Yanzu shafinta na CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa, ya nuna suna son mayar da ita Maikurobayoloji, ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, ana jiran ta amince. A ɗaya ɓangaren kuma sunanta ya fito a Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, za su ba ta Kemistiri, amma sai ta je ta mayar da su zaɓinta na farko.

Gida ya rabu uku. Inna ta ce Kafin Hausa, don nan kusa ne, ko ciwon kai yarinyar ta yi kafin la'asar an je an dawo. Kawunmu ya ce a bar duka biyun, a kai ta Funtuwa ta yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ta sake neman Famasin baɗi. Ni kuma zuciyata tana Samaru, amma ba mu da kowa a Zariya, ban kuma san yadda ake samun hostal ba. In ba ta samu ba, ban san ko zan iya kama wa budurwa ɗaki a cikin gari ta zauna ita kaɗai ba.

Don Allah a faɗa mini gaskiya: in ta karɓi Maikurobayoloji, za ta iya komawa Famasi daga baya? Sannan yaya ake yi da wurin kwana?

Mai Shagon Intanet:

Wa alaikumus salam. Malam tela, kafin a zo maganar wacce makaranta ta fi, bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don aikina ke nan kullum. Kada kowa ya danna komai a shafin nan tukuna, kuma in lambar sirrinta tana hannun wani mai shagon intanet, ku canza ta yau. Akwai yaran da ke barin lambarsu a shago, wani ya ga gurbi ya fito ya danna musu amincewa da sunan taimako, sai daga baya iyaye su zo suna cewa ba shi suke so ba.

Abin da kuka gani a CAPS ba shi ne gurbin ba tukuna. Makaranta ce take neman izininta ta ɗauke sunanta daga layin Famasi ta kai layin Maikurobayoloji. In ta amince, sai su miƙa sunan ga JAMB, gurbin ya fito, ta sake danna karɓa, sannan ta buga takardar shaida. In ta ƙi, tana nan a layin Famasi, amma babu wanda ya yi mata alƙawarin komai a can. Da zarar kuma ta karɓi gurbi ɗaya, ƙofa ta rufe, wata makarantar ba za ta iya ɗaukarta a wannan shekarar ba. Haka in kuka je cibiyar JAMB kuka mayar da Kafin Hausa zaɓin farko, ABU ta daina ganin sunanta ke nan. Ba a riƙe biyun a lokaci guda.

Kada ka ji ciwon cewa 248 bai kai ta ba. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin makarantar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma kwasa-kwasai irin su Likitanci, Famasi da Shari'a kujerunsu ƙidayayyu ne, masu nema kuwa sun yi yawa. Sannan ku tabbata an ɗora sakamakon NECO ɗin a shafin JAMB, don rashin ɗora shi kaɗai yana hana gurbi fitowa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo mata Famasi ta bayan fage, ka rabu da shi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, sai ta gama karatu za a gane sunanta ba ya cikin rajistar JAMB, hidimar ƙasa ta gagara.

Antin Samaru:

Ƙanena, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya wa yarinyar nan. Ni a Samaru na yi karatu, a tsangayar kimiyya, don haka zan yi magana kan abin da na gani da idona.

Maganar komawa Famasi daga baya, ka cire ta daga lissafinka. Akwai tsarin canza kwas bayan shekarar farko, amma ya danganta da sakamako mai ƙarfi da kuma samuwar kujera, kuma kwas ɗin da aka rasa wa mutum kujera tun a ƙofa, da wuya a ce ta samu a tsakiyar tafiya. Na ga 'yan ajinmu da suka shigo da wannan niyyar, suka yi shekara biyu jikinsu yana ajinmu hankalinsu yana wani wuri, sakamakonsu ya lalace a banza. In za ta karɓa, ta karɓa don za ta yi shi. Kuma a gaya mata tun yanzu cewa Maikurobayoloji daban, kwas ɗin gwaje-gwajen asibiti daban. Na gwaje-gwajen shekara 5 ne, kuma su ne hukumarsu take ba lasisin aiki a ɗakin gwajin asibiti. Nata shekara 4 ne, aikinsa ya fi karkata ga kamfanonin abinci da ruwa da magani, hukumomi irin su NAFDAC, koyarwa, ko ci gaba da digiri na biyu. Kwas ne mai kyau, amma mutane da yawa suna shigarsa da zaton asibiti za su ƙare.

Yanzu wurin kwana, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Ba a neman gado sai an biya kuɗin makaranta an kammala rajista, kuma ta intanet ake kamawa. Ranar da aka buɗe shafin, gadaje ba sa daɗewa. Saboda haka dabarar ita ce a biya da wuri, a samu wata 'yar gaba da ita a sashensu da za ta sanar da ita ranar buɗewa, ta kwana da caji da data a wayarta. A lokacinmu sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe aka fi dubawa, don haka shekarar farko ita ce damarta mafi girma. In ta samu Amina ko wani daga cikin hostal ɗin mata, ka gode wa Allah: akwai masu gadi, akwai lokacin rufe ƙofa, masallaci da aji da laburare duk da ƙafa za ta je. Ɗakin akwai cunkoso, ba zan ɓoye maka ba, amma cunkoson nan shi ke sa in yarinya ta kwana da zazzaɓi wani ya sani. Kada ku sayi gado a hannun wata ɗaliba, doka ta hana, in aka kama duka biyun ke shiga matsala.

In ba ta samu ba, akwai gidajen haya a cikin Samaru, Hayin Dogo, Zango da Palladan. Amma kada ka aika kuɗi saboda hoton ɗaki da wani dillali ya turo maka. Wata ƙawata ta taɓa biyan kuɗin shekara ta waya, da ta iso da katifarta a ɗaure ta tarar da wata a cikin ɗakin, ita ma da rasit ɗinta. Ka taka da ƙafarka. Ka leƙa rijiyar gidan ka tambayi maƙwabta ko tana ƙafewa da bazara. Ka shiga banɗakin ka ƙirga mutum nawa ke amfani da shi. Ka ɗaga kai ka dubi silin, shatin ruwan damina ba ya ɓuya. Ka tambaya ko gidan na mata ne zalla, ko mai gidan yana zaune da iyalinsa a ciki, da ƙarfe nawa ake kulle ƙofar waje. Ka tsaya a layin bayan magariba ka ga su waye ke zama a bakinsa. Kuɗi kuma a hannun mai gida, gaban shaidu, da rasit. Ni dai ba zan bar 'yar shekarar farko ita kaɗai a ɗaki ba, gara su haɗu su biyu ko uku da 'yan ajinsu, haya ta yi sauƙi, tsoro ya ragu.

Ka haɗa mata bargo mai kauri, sanyin Zariya da hunturu ba irin naku ba ne. Da bokiti biyu, da kwaɗo mai ƙarfi na akwati. Busasshen kifin nan naku na Haɗeja kuwa, ka cika mata leda, da shi za ta yi ƙawaye a makon farko.

Malamin Sakandare:

Ni ina tare da Inna, kuma ba don tsoro ba. Malam, kai ne za ka ɗauki nauyin nan shekara huɗu, ba rana ɗaya ba. Ka zauna da biro ka lissafa. Daga Haɗeja sai an shigo Kano ta 'Yankaba, a tsallaka zuwa Unguwa Uku, a hau ta Zariya, a sauka Kwangila, a sake hawa zuwa Samaru. Duk hutu sai an yi wannan zuwa da dawowa da kaya. A Kafin Hausa kuwa, ranar da garinta ya ƙare ko direban tasha ka ba saƙo ya isa. Ka tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata 8. Waɗanda suka biya hayar shekara a garin da ba nasu ba, haka kuɗin ya ƙare ɗaki yana kulle.

Kemistiri kuma ba kwas ɗin raini ba ne. Ga mai son harkar magani ma yana da kusanci da abin da take so, kuma makarantunmu na Jigawa suna neman malaman kimiyya mata ido rufe.

Shawarar kawunku ce ban gamsu da ita ba. IJMB hanya ce ta gaskiya, ABU ce ke kula da jarrabawar, wanda ya ci yana shiga aji biyu kai tsaye. Amma kujerun shiga kai tsaye a Famasi sun fi na JAMB ƙaranci, sai mai maki na ƙololuwa. Za ka biya kuɗin Funtuwa da na zama, ta saki gurbin da ke hannunta, makin JAMB ɗinta na bana kuma ya mutu, tunda shekara ɗaya yake aiki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ko ta samu Famasin, a jami'o'i da dama yanzu shekara 6 ne, ga shekarar horon aiki a bayansa. Ka tambayi kanka ko keken zai kai.

Duk inda ta tafi, ta cike NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya, da zarar ta samu lambar rajista. Tun 2024 aka fara, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma ya riƙa samun naira dubu 20 a wata in ya nemi na ɗawainiya. Bashi ne, amma babu ruwa a kansa, kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Ta kuma nemi tallafin hukumar ba da guraben ƙaro ilimi ta jiha.

Antin Samaru:

Malam ya faɗi gaskiya a kan lissafi, ban musa ba. Amma na sake karanta tambayar, na ga abin da Inna take so, da na kawu, da naka, ban ga na mai karatun ba. Ƙanena, ka kira ta gefe, ba a gaban Inna ba, don a gabanta ba za ta iya cewa tana son tafiya nesa ba. Ka bayyana mata bambancin kwasa-kwasan nan yadda muka faɗa, ka tambaye ta a cikin Bayoloji da Kemistiri wanne take buɗe littafinsa ba tare da an ce ta buɗe ba. Ita ce za ta zauna a ajin.

Tela Daga Haɗeja:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, na bi shawararki, jiya bayan isha'i na zaunar da ita a shago. Ta ce Kemistiri dole ce ta sa take karanta shi saboda Famasi, amma Bayoloji take so, kuma ta riga ta bincika abin da ake koyarwa a Maikurobayoloji, ya kwanta mata. Tsoron ɗora mini nauyi ne ya sa ta yi shiru. Na ce mata wannan ba nata ba ne.

Mun yi magana da Inna da safe. Ta yarda da Samaru bisa sharaɗi ɗaya: in ba a samu gado a cikin makaranta ba, ni da Inna za mu je mu ga gidan da idonmu kafin a biya ko sisi. Mun canza lambar sirrin, ƙanwar tawa ta danna amincewa da canjin kwas da hannunta, yanzu muna jiran gurbin ya fito. Malam, lissafin da ka ce na yi shi, ɗinkin Sallah zai biya rajista in Allah ya yarda, sauran kuma za mu cike NELFUND.

Tambaya ɗaya ta rage, Anti: katifa da risho a nan zan saya mata, ko a bari sai an je can?

Antin Samaru:

Ka bari sai ta ga gadon da aka ba ta, kada ka sayo wadda ta fi shi faɗi. Kasuwar Samaru tana nan daf da makaranta, babu abin da za ku rasa. Abin girki kuma ta fara tambayar masu kula da hostal ɗin wane iri aka yarda a shiga da shi. Allah ya ba ta sa'a, ka gaida Inna.