Shin satar dukiyar gwamnati ce ke haifar da tarzomar siyasa?

Mazaunin Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar zaɓen gwamnan Legas na 2023 muna tsaye a layi sai wasu samari suka sauko daga wata bas riƙe da gorori da fasassun kwalabe, suka tarwatsa mu. Da yamma na ga biyu daga cikinsu suna ƙirga sababbin takardun naira, a lokacin da mu muke wuni a banki ba mu samu ko dubu biyar ba. Tun ranar nake tambayar kaina, shin cin hanci ne ke haifar da wannan ta'asa a ƙasashe masu tasowa, ko kuwa hanya ce kawai ta haɗa su?

Tsohon malamin makaranta, Idi-Araba:
Wa alaikumussalam Malam. A ganina ɗaya ne ke ciyar da ɗaya. Inda kujerar mulki ta zama mabuɗin baitulmali, ga kuɗin tsaro da gwamna ke kashewa ba tare da bayani ba, ga sashe na 308 na tsarin mulki da ya kare shi daga gurfana a kotu muddin yana kan mulki, to faɗuwa zaɓe asarar jari ce, kuma mai jari ba ya zuba ido. Daga nan ne 'yan kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi suka samu gindin zama. Abin da ya fi muni shi ne, makamin da aka raba ba ya dawowa bayan zaɓe. Da yawa daga cikin tsagerun Neja Delta da Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wa afuwa a 2009 sun fara ne a matsayin 'yan bangar siyasa.

'Yar kasuwa, Mile 12:
Baba Malam, ban ƙi taka ba, amma akwai ƙasashen da ake sata sosai kuma ba a zubar da jini haka. Wutar ta fi kamawa idan wani ɓangare ya ga an yi rabo ban da shi. A Kenya, bayan zaɓen Disamba 2007 tsakanin Mwai Kibaki da Raila Odinga, an kashe mutum fiye da 1,000, kuma tsohuwar ƙullaliya kan rabon filaye da muƙamai tsakanin ƙabilu ce ta rura rikicin.

Tsohon malamin makaranta, Idi-Araba:
Hajiya, kin kawo gyara mai ma'ana, sai dai rabon son kai ma ai cin hanci ne. Ki ƙara da rashin hukunci. An kashe Bola Ige a Ibadan a 2001 yana ministan shari'a, an kashe Funsho Williams a gidansa nan Ikoyi a 2006 yana neman takarar gwamna, har yau ba a hukunta kowa ba. Kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe tun 2008.

Mazaunin Agege:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Ɗaya daga cikin samarin nan har yanzu yana karɓar kuɗin tikiti a tashar da nake shiga mota, kullum sai mun gaisa.