Na'urar hannu ta sarrafa manhajar kiɗa: abin da masu harkar suka ce

Idan mai haɗa kiɗa a kwamfuta ya tambayi masu harkar wace na'urar hannu zai saya don sarrafa manhajarsa, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ka sayi na'ura sai ka gano aikin da linzamin kwamfuta ke wahalar da kai a kansa. Mai tsara ganguna madannan bugawa yake buƙata, irin na Ableton Push ko Launchpad. Mai daidaita sauti kuwa sandunan turawa na ɗaga ƙara da rage ta ne abokan aikinsa.

Masu harkar sun daɗe suna tattauna matsalar tsallen ƙara, kuma ta cancanci haka. Saƙon MIDI na yau da kullum, wato wanda na'ura ke aika wa manhaja, daga 0 zuwa 127 yake tafiya. Idan ka koma wani layin sauti, sandar da ke hannunka tana wuri ɗaya, ta cikin manhaja tana wani wuri, kana taɓawa sai ƙara ta yi tsalle. Mafita uku aka kawo: sanduna masu injin da ke mayar da su da kansu, sai dai akwai tsada, ko maɓallan murɗawa marasa iyaka, ko a saita manhaja ta jira har hannunka ya riski matsayin da take. A ganina na ukun ya wadatar da mai farawa, tunda ba ya cin ko sisi.

Kafin ka biya, duba ko na'urar na jin yaren Mackie Control, wato tsarin sadarwa tsakanin na'ura da manhaja, wanda yawancin manhajoji ke ganewa. Masu manhajar Pro Tools su nemi yaren HUI.

Jinkirin sauti kuma galibi ba laifin na'urar ba ne, ma'ajin sauti (buffer, inda kwamfuta ke tara sauti na ɗan lokaci kafin ta fitar da shi) ne ya yi girma. Rage shi zuwa 128 a saitin sauti na manhaja lokacin ɗaukar sauti.