Ɗan gado ko wanda zai ci zaɓe: wa kuka zaɓa ranar fidda gwani?

Uban Tafiya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, ko a matsayin daliget ko ta 'yar tinƙe, kuma aka samu ɗan babban gidan siyasa cikin 'yan takara. Aka ce muku "shi ne zai iya kai bantensa." Kun yarda? Me ya biyo baya? Abin da ido ya gani nake so, ban da ji-ta-ji-ta.

Baƙon Michigan: Wa alaikumus salam. A watan Maris na 2016 na yi zaɓen fidda gwanin Democrat a Michigan. Zuciyata tana wajen Bernie Sanders, amma hannuna ya dangwala wa Hillary Clinton. Dalilina ɗaya ne: kowa cewa yake ita ce za ta ci babban zaɓe. Matar tsohon shugaban ƙasa, tsohuwar sanata, tsohuwar sakatariyar harkokin waje, ga manyan jam'iyya duk a bayanta. Sai ga Sanders ya lashe jihar. Abokan aikina a masana'anta, waɗanda suka zaɓi Obama har sau biyu, sun faɗa mini ƙarara cewa sun gaji da jin sunan gida ɗaya ko biyu. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. A Nuwamba Trump ya ɗauke Michigan da ratar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba, ya haɗa da Wisconsin da Pennsylvania. Har yau abin yana damuna, domin amsar tana bakin mutanen da nake tsayawa kusa da su kullum, ni kuwa na je ina sauraron masu sharhi a talabijin.

A ɓangaren jam'iyyar Republican ma haka aka yi. Jeb Bush, ɗan shugaban ƙasa kuma ƙanen shugaban ƙasa, an tara masa sama da dala miliyan 100, amma ya janye a Fabrairu bayan zaɓen South Carolina.

Dattijo: Ɗana, ka yi haƙuri, kada mu yi wa 'yan gado kuɗin goro. Ni daliget ne a Eagle Square a Disambar 2006, ranar da PDP ta tsayar da Umaru Musa 'Yar'adua. Ba zan ɓoye ba, sunan gidan ya yi aiki a kaina. Mahaifinsa minista ne a Jamhuriya ta Farko, yayansa Shehu kuwa shi ke kan gaba a fidda gwanin SDP na 1992 kafin Babangida ya soke shi, kuma da yawa cikinmu a hannunsa muka koyi siyasa. Amma da suna kaɗai ne da ban ba shi ba. Mutum ne da ya kusa cika shekara takwas yana gwamna, akwai aikin da za a auna shi da shi. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya idan ya zauna ya koyi sana'ar. Abin da bai yi mini daɗi ba a lokacin shi ne yadda gwamnoni suka yi ta janyewa tun kafin mu isa fili.

Wakiliya: Baba, wannan janyewar ita ce ciwon. Na yi daliget sau ɗaya, ba zan ambaci jam'iyya ba. Daren zaɓe aka tara mu a masauki, aka ce "ga inda uban gida ya fuskanta." Na tambaya ko matan mazaɓata za su fito wa wannan mutumin, aka ce in bar wa manya. Na bi umarni, na dawo gida na kasa kallon idon matan da suka turo ni.

Ɗan Zango: Mu a Ghana labarin ya ɗan bambanta. Ina cikin wakilan jam'iyyar NPP a zaɓen fidda gwani a Legon, Accra, a Disambar 2007, 'yan takara 17. Na zaɓi Nana Akufo-Addo, wanda mahaifinsa ya yi shugaban ƙasa daga 1970 zuwa 1972. Ya faɗi a 2008, ya sake faɗuwa a 2012, sai a 2016 ya ci. Abin da na lura, bayan faɗuwar farko jam'iyya ta buɗe ƙofa, masu zaɓen ɗan takara suka tashi daga dubu biyu da 'yan kai zuwa sama da 100,000, har da shugabannin rumfunan zaɓe. Daga nan dole ɗan takara ya taka ƙafarsa zuwa ƙananan hukumomi ya roƙa.

Uban Tafiya: Hajiya Wakiliya, wanda aka sa ku zaɓa ɗin, ya ci babban zaɓen?

Wakiliya: Bai ci ba, Malam. Ko akwatin da ni kaina na tsare bai kawo ba.