In na ɗaga abokina ya zama MJ (mai jan wasa) na biyu a Roll20, zai ga sirrin labarina?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna jan wasa a intanet. Mu biyar ne muke buga D&D, wasan labari da kowa ke da jaruminshi ana jefa dayis, a Roll20, shafin intanet na irin wannan wasa, duk daren asabar, uku muna nan Damagaram, ɗaya yana karatu a Yamai ɗaya kuma kasuwanci ya kai shi Kano, shi ya sa ma muka bar tabarmar fada muka koma intanet. Ni ne mai jan wasan kuma labarin ni na ƙirƙire shi, ayari ne da ya taso daga Birni zamanin sarki Tanimun zai je Agadas, ga ƴan fashi a hanya ga wata rijiya da aljanu suka mallake. Matsalata rezo. Da wuta ta ɗauke ko forfe ya ƙare sai wasa ya tsaya cik don ni kaɗai ke iya motsa piyon, wato ƴan hotunan da ke kan taswira, na raƙuma da na maƙiya, su kuwa sai zaman kallon taswira. Yanzu na Yamai ɗin, da yake shi ke da wifi mai kyau, ya ce in ɗaga shi ya zama MJ na biyu in na faɗi ya riƙe wasan. Mutumin kirki ne tun lekol muke tare, amma shi ma yana da jaruminshi a labarin, kuma akwai maci amana a cikin ayarin wanda ba wanda ya san shi sai ni. In na ba shi ikon komai zai gani ne, ko akwai yadda zan ba shi rabi? Ba na so kuma ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Mai Shayin Zango:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka ɗaga shi. A Roll20 babu rabin MJ, wanda duk ka ɗaga zai ga abin da kake gani, shimfiɗar nan ta ɓoye inda kake aje maƙiyan da ba su fito ba da tarkuna, da bayanan sirri da ka rubuta a ƙasan takardar kowane mutum, har da wuraren da ka rufe da hazo a taswira. Ko bai yi niyyar leƙawa ba yana buɗewa zai ci karo da ƴan fashinka a laɓe bayan tudu, to daga nan me ya rage mishi na jin daɗi? Shi ne ma zai fi kowa asara wallahi, haka za ka faɗa mishi kuma zai gane.

Abin da kake nema yana nan ba sai da sarautar ba. Ka buɗe takardar kowane mutum a labarin za ka ga gurbi biyu, ɗaya na wanda zai iya ganin takardar, ɗaya na wanda zai iya gyara ta ya kuma motsa piyon ɗin. To raƙuma da madugu da duk wanda ke ɓangarensu ka sa sunan abokin naka a gurbi na biyu, ko ma ka buɗe wa dukkansu. Maci amanar nan kuwa ka yi mishi takarda mai tsabta wadda ba komai a fuskarta sai suna da hoto, sirrin ya zauna a gurbin MJ. Maƙiya kuma su tsaya hannunka. In ka gama ka sake shiga a matsayin ɗan wasa, akwai wannan zaɓin, ka duba da idonka abin da suke gani kafin asabar ta zo. Kuma ka koya musu /w gm in suna son yi maka raɗa, da /gmroll in za a jefa dayis wanda daga kai sai mai jefawa za ku ga sakamako.

Injiniya_ZR:
Grand Mai Shayi ya gama magana kan Roll20. Ni Foundry nake amfani da shi, wata manhaja irin Roll20 da ta fito a 2020, can matakai huɗu ne: ɗan wasa, amintaccen ɗan wasa, mataimakin MJ, sai MJ. Kowace takarda kuma kana iya hana mutum ganinta sam, ko ya ga kaɗan, ko ya ga duka amma ba zai taɓa ba, ko ta zama tashi. Sai dai kar sunan mataimaki ya ruɗe ka, shi ma yana ganin ɓoyayyun abubuwa. Kuma gaskiya ban ba ka shawarar komawa can ba, ana saye sau ɗaya ne dalar Amurka 50, amma in ba ka yi hayar saba ba, wato na'urar da za ta riƙe wasan a intanet, wasan kan ordinatarka yake zaune, wuta na ɗaukewa kowa ya fita tare da kai. A Roll20 ko ka faɗi su suna nan ciki.

Ƴar Sabon Gari:
Ku duk kuna maganar abin da ɗan wasa bai kamata ya gani ba, ni bari in taɓo ɗaya gefen don shi ya fi ci mini rai. Mai jan wasa yana iya motsa piyon ɗin kowa, manhaja ta ba shi wannan, amma jarumina nawa ne. Akwai wani wasa da na taɓa shiga, rezona ya yanke ana tsakiyar faɗa, kafin in dawo mai jan wasan ya tura jarumata bakin ƙofa ita kaɗai wai ai haka za ta yi, aka kashe ta, yarinyar da na zauna na rubuta mata uwa da uba da garinsu da dalilin da ya fito da ita. Ban sake komawa teburin nan ba. Don haka yaya Ɗan Birni yadda kake tsare sirrinka haka za ka tsare musu nasu haƙƙin. Ku zauna tun kafin wasa ku yanke: in wane ya faɗi wa zai riƙe mishi jarumi, shi da bakinshi zai zaɓa, kuma jarumin wanda ba ya nan ba ya mutuwa, ba a kashe mishi kuɗi ko maganin da ya tara. Dayis na faɗa kuma a jefa shi a fili kowa ya gani, na ɓoye a bar shi ga abin da dole sai an ɓoye, kamar ko sun gane ƙarya ake musu.

Batun forfe kuma, ku kashe bidiyo ku bar murya kawai. Ranar da abin ya ƙi gaba ɗaya ku koma manhajar hira ta Discord a portabul, akwai wani bot a ciki mai suna Avrae da ke jefa dayis, ka rubuta !r 1d20+3 ya ba ka amsa. Ka buɗe ɗaki ɗaya naka kai kaɗai na aje sirri. Amma can ma tarkon yana nan, duk wanda ka ba cikakken ikon admin yana shiga kowane ɗaki komai kullewar da ka yi mishi.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanwata maganarki ta shige ni, zan kawo ta gabansu ran asabar kafin mu fara. Saura abu ɗaya babban yaya, in na faɗi ana tsakiyar faɗa wa zai jefa wa ƴan fashi dayis?

Mai Shayin Zango:
Ba kowa. Faɗan ya jira ka, minti goma ba komai ba ne. In kuma ba faɗa ake ba ka ce musu duk sanda ka ɓace ayari ya yada zango ke nan, su yi hira da bakin jarumansu, su raba gadin dare, su yi ta zargin juna kan wa ya sha ruwan salka. In ka dawo ɗaya ya ba ka labarin abin da suka yanke ka ɗora daga nan.