Wai da gaske wannan zanen aka saya sama da miliyar 6?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sani ku warware min. Ƙanena ne ya turo min wani tablo a WhatsApp wai na wata ƴar Habasha Julie Mehretu, an saida shi dalar Amurka miliyan 10.7 a New York a 2023, na buga lissafi ya haura miliyar 6 na sefa. Wlh na juya wayar sama da ƙasa ban ga mutum ba ban ga doki ba, layuka ne kawai da baƙar tawada kamar kaji sun yi tsere kan takarda. Wace ce ita, kuma me ake saye a ciki?

Mushe Habu:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya saida shi a Nuwamba 2023, lokacin ba a taɓa sayen aikin wani haifaffen Afirka da tsada haka a gwanjo ba. An haife ta a Addis Ababa 1970, babanta malamin jami'a ɗan Habasha uwarta Ba'amurkiya, suka bar ƙasar 1977 zamanin sojojin Derg suka koma Michigan. Ta ma yi karatu a jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar kafin ta gama babban digirinta na zane a Rhode Island 1997.
Amma malam waya ce ta cuce ka. Ayyukanta manya ne wasu sun fi bangon ɗaki, kuma hawa hawa take yi, ta fara shimfiɗa taswirar gari ko zanen gine gine da filayen taro a ƙasa, ta rufe da fenti mai ɗan haske a goge ya yi sumul, ta sake zane a kai ta sake rufewa, sai can daga sama ta watsa waɗannan baƙaƙen alamun da ka gani, to in ka matso kusa za ka hango tagogi da ginshiƙai can ƙarƙashi, in ka ja baya sai ka ga hargitsin jama'a. Wanda ka gani ɗin na 2008 ne, ta yi shi kan guguwar Katrina da ta cinye New Orleans. Akwai wani Mogamma na 2012 a kan boren dandalin Tahrir na Alƙahira, ni shi na fi so.

Mai Shayi Dole:
Mushe da girmanka amma ni ban yarda ba, wasan masu kuɗi ne suna ajiye dukiya a bango. Kuma kuɗin gwanjon ma wanda ya riƙe tablon shi ke ci ba ita ba. Bankin Goldman Sachs ya ba ta dala miliyan 5 ta yi musu na wajen mita 24, a daidai lokacin da mutane ke rasa gidajensu a Amurka saboda rikicin bankuna. Ka gani ai.

Inna ƴar Birni:
Ɗana ɗan Zango kai da ka tashi Damagaram kake tambayar ina mutum ina doki? Shiga Birni ka ɗaga kai ka dubi fuskar tsofaffin zauruka da ƙofar fada, akwai fuskar mutum a ciki? Dagi ne da da'ira da layuka masu sarƙa, kuma ba wanda ya taɓa ce wa magini me wannan ke nufi, an dai san gidan mai hali ne. Haka zayyanar allo ranar sauka, haka aska takwas a babbar riga. Tsadar kam na bar wa mai shayi, yana da gaskiyarshi. Abin da ke ci min rai kowa ya samu kuɗi sai ya rushe zauren kakanshi ya zuba siminti, masu iya aikin nan suna ƙarewa ba yaron da ke koya.

Ɗan Zango:
Inna kin kashe bakina, Allah ya ƙara girma. Miliyar 6 ɗin dai har yanzu bai shige ni ba. Mushe in kana da hoton Mogamma mai kyau wanda za a iya buɗawa turo min in nemi tagogin nan da kake faɗa.