Wai halinmu ne ya kasa ko tsarin?

Ɗan Maiurno: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganar da na yi jiya ina nan a kanta daram, tsarin barlaman wato firaminista da majalisa bai dace da halin ɗan Adam ba balle namu. Mutum so yake ya san wuyan wa zai riƙe in abu ya lalace. Sau uku muka gwada a ƙasar nan tamu Sudan, daga 1956 Azhari da Abdallah Khalil, Janar Abbud ya kwashe su a juyin mulkin 1958, aka dawo bayan boren jama'a na Oktoban 1964 Numeiri ya yi juyin mulki a Mayun 1969, Sadik al-Mahdi ya hau a 1986 Bashir ya tashe shi ran 30 ga Yunin 1989. Duka ka tara wajen shekara 11 ne. In Allah ya kawo ƙarshen yaƙin nan a ba mu shugaba ɗaya zaɓaɓɓe irin na Najeriya, halas.

Malama daga Kassala: Wa alaikumus salam. To yayana ai an ba ka mutum ɗayan. Numeiri shekara 16, har tsarin mulkin shugaban ƙasa ya rubuta a 1973. Bashir shekara 30, a zaɓen 2015 aka ce ya ci kashi 94. Wuyan wa ka riƙe a cikinsu?

Ɗan Maiurno: Haba Malama, wannan soja ne ya tuɓe kaki ya sa jallabiya da rawani. Ni zaɓen gaskiya nake nufi.

Kawu mai shago, Gadarif: Ku bari in sa baki tunda ni na jefa ƙuri'a a 1986, yawancinku ba a haife ku ba. Yaron nan yana da ƙamshin gaskiya. Lokacin ba wanda ke tambaya me ɗan takara zai yi, in gidanku 'yan ɗarikar Ansar ne jam'iyyar Umma za ka bi, in 'yan ɗarikar Khatmiyya ne jam'iyyar Ittihadi, shi ke nan an gama tun kafin a buɗe akwati. Umma ta samu kujera wajen 100, Ittihadi 63, jam'iyyar Jabha ta Turabi 51, ba mai rinjayen da zai yi mulki shi kaɗai, sai haɗaka, yau a ƙulla gobe a warware ana rigimar wa zai riƙe wace wizara wato ma'aikata mu kuwa muna layin burodi da na fetur tun asuba. Mirghani shugaban Ittihadi ya je Addis Ababa a Nuwamban 1988 ya sasanta da Garang madugun 'yan tawayen Kudu, mutane suka fito tarbarsa, majalisa ta yi ta jan ƙafa har sojoji suka riga ta. Ranar da aka yi juyin wallahi a kasuwarmu da yawa ko a jikinsu.

Ɗan Maiurno: Allah ya ƙara girma Kawu, kun gama magana.

Kawu mai shago, Gadarif: Ban gama ba ɗana. Wanda ya zaɓi ɗan majalisa saboda gidan sayyid wato shugaban ɗarikarsu, shi ne zai zaɓi shugaban ƙasa saboda gidan sayyid. Bambancin kawai yanzu gida ɗaya zai kwashe duka.

Ɗalibi a Bur Sudan: Kawu kun taɓo inda nake so. Yaya Ɗan Maiurno kana ta kawo Najeriya, to ita ma barlaman ta fara da Tafawa Ɓalewa aka kifar a Janairun 1966, suka ce tsarin ne, suka ɗauko na Amurka a 1979 Shagari ya hau, ran 31 ga Disamban 1983 Buhari ya sauke shi. Nijar suka ce bari mu haɗa biyu irin na Faransa, Mahamane Ousmane shugaba Hama Amadou firaminista daga ɓangaren adawa, suka yi ta kai ruwa rana har a kan wa zai kira taron ministoci, Bare Mainasara ya tattara su a Janairun 1996. Indiya kuma barlaman take tun farko, yare da addini ba iyaka, soja bai taɓa karɓa ba, Indira Gandhi da ta ɗaure abokan hamayya a 1975 akwati ne ya kayar da ita a 1977. Su ba 'yan Adam ba ne?

Inna ta takiyya: Ni ban yi karatunku ba amma ku ji. Da mutanen garin Madani suka zubo mana gudun yaƙi ƙarshen 2023 muka buɗe takiyya wato wurin dafa abincin sadaka a unguwa, muna dafa adas da baliila. Aka zaɓi wani bawan Allah, mai sallah a sahun gaba, aka ba shi makullin sito shi kaɗai. Ba sata ya yi ba, a'a, amma in ƙanwar matarsa ta zo da kwano ludayi ya kan nutse sosai, in baƙuwa ce daga makarantar da aka sauke su sai ya ɗebo na sama mai ruwa ruwa. Jarkar mai ma ba ta kai inda take kai wa. Da muka yi magana ya yi fushi wai ana zarginsa. Sai muka sa kwaɗo biyu a ƙofar, makulli ɗaya gunsa ɗaya gun wata daga cikin 'yan gudun hijirar, littafin lissafi kuma gun wata yarinya 'yar sakandare. Mutumin nan bai sake hali ba, yana nan yadda yake, amma mai ya fara kai wa.

Ɗan Maiurno: Inna ku faɗi gaskiya, ba a taɓa yin ranar da mai makulli ɗaya ba ta nan yara suka zauna da yunwa ba?

Inna ta takiyya: An yi mana. Ta kai ɗanta asibiti da makullin ɗaure a bakin tobinta, sai bayan la'asar aka ɗora tukunya, yara na ta kuka. Ranar na zage ta tas.

Ɗan Maiurno: To kun gani! Abin da Kawu ya ba da labari ke nan. Ƙasa ba za ta jira la'asar ba.

Malama daga Kassala: Jinkirin wuni ɗaya kake gani, shekara 30 ba ka gani. Ni abin da na lura da shi a halin mutum, ba son mulki ne ya fi ƙarfi ba, tsoron abin da za a yi masa in ya faɗi ne. Abdallah Khalil ai ana cewa da kansa ya kira Abbud don ya hango majalisa za ta kayar da shi. In wanda ya faɗi zaɓe ya san gidan yarin Kobar zai kwana ko a ƙwace dukiyarsa, me zai sa ya yarda? Najeriyar da kake yabo ba shugaba ɗaya ne ya riƙe ta tun 1999 ba, jihohi 36 ne kowace da gwamnanta, ka rasa Abuja ka samu Kano ko Ribas ka lallaɓa. Kuma ba ka zama shugaba sai ka samu kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi, dole ka je roƙo inda ba danginka. Mu nan komai Khartum, shi ya sa Kudu ta tafi a 2011.

Baba Alhaji: Ina karanta ku. Switzerland mutum 7 ke mulki, shugabancin ma karɓa karɓa suke duk shekara. Mu ma ai da majalisar siyada, wato majalisar shugabancin ƙasa, ta mutum 5 muka fara a 1956. Amma kar ku ɗauka rabo kaɗai magani ne, Lebanon sun raba kujeru bisa addini, suka zauna ba shugaban ƙasa daga ƙarshen 2022 har Janairun 2025.

Ɗan Maiurno: Na gode Baba. Kuma ai Janar Suwar al-Dahab mutum ɗaya ne, ya karɓa a 1985 ya miƙa a 1986 ba wanda ya tilasta shi. A samo irinsa.

Malama daga Kassala: Guda nawa ka ƙirga irinsa tun 1956? Sai mu zauna jiran wani?

Ɗalibi a Bur Sudan: Ni duk ba wannan ba. Hamdok firaminista ne, ga majalisar siyada a samansa, ga takardar yarjejeniya an sa hannu a 2019, kwaɗo ya fi biyu, ran 25 ga Oktoban 2021 masu bindiga suka ɓalle ƙofar gaba ɗaya. Yaya ka gaya min zaɓaɓɓen shugabanka ta yaya zai ba janar umarni, Malama ke ma ki gaya min majalisarki ta yaya.

Ɗan Maiurno: Wanda mutum miliyoyi suka zaɓa kai tsaye ya fi ƙarfin faɗa wa janar magana.

Ɗalibi a Bur Sudan: Shagari ma miliyoyi ne suka zaɓe shi, ƙasa da wata biyar kafin a kifar da shi.