Zomo a cikin ɗaki: zai yiwu a ƙauye, ko wahala zan ɗebo wa kaina?

Maman Biyu, Taura:

Assalamu alaikum jama'a. Yara sun matsa sai an sayo musu zomaye biyu, ba don yanka ko sayarwa ba, so suke su zauna da mu a ɗaka kamar mage. Ɗakuna biyu ne babu kowa a ciki: ɗaya na bulo da rufin kwano da daɓen siminti, ɗaya na ƙasa mai rufin azara. Wutar sola muke amfani da ita. Wanne ɗakin ya fi? Me za a ba su su ci, tunda nan babu abincin kanti? Ana iya koya musu kashi da fitsari a wuri ɗaya? Kuma wai da gaske zomo ba ya shan ruwa?

Baba Mai Zomaye, Ɗanbatta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yiwu, amma ki fara da maganar zafi, don shi ke kashe zomon ɗaka a ƙasar nan tun cuta ba ta ƙaraso ba. Zomo ba ya gumi. Ta kunnuwa yake fitar da zafin jikinsa, kuma ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21. In aka haura 30 ya fara jigata, a 35 yana iya mutuwa. Ke kin san Afrilu da Mayu a Jigawa, waje ma wuce 40 yake yi, balle ɗakin kwano da azahar. Ɗakin ƙasa za ki ba su.

Illar ɗakin ƙasa ɗaya ce, tono. Zomo zai haƙe daɓen, ya bi gindin bango, musamman macen. A sa magini ya shafe kusurwar da za su zauna da siminti, ya hau bango kamar taƙi biyu. Sai a kewaye wurin da katako da wayar raga mai kauri, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, bisa ƙafa 3. Siririyar wayar kaji ba ta yi, tsinke ta suke da haƙori. Kada a yi musu ƙasan waya irin kejin masu kiwon nama. Tafin ƙafar zomo gashi ne kawai, babu tsoka mai taushi irin ta mage, waya tana cinye gashin ya zama gyambo. A ajiye kwali mai ƙofa biyu don ɓuya, da tsohon baho cike da yashi su huce ƙwaɗayin tono a ciki. Shingen wurin kwana ne da hutun rana. Da asuba da bayan la'asar a buɗe su zaga ɗakin, lokacin ne suke da kuzari.

Da bazara a sa tulu ko ƙaramar randa cike da ruwa a cikin shingen, za ki ga sun kwanta sun jingina da ita. A jiƙa buhun algarara a rataya a taga. In kika ga zomo ya miƙe ya ƙi tashi, kunnuwa sun yi ja da zafi, numfashi sama-sama, haɓa ta jiƙe da yawu, zafi ne ya buge shi. A shafa masa ruwan randa a kunnuwa, a kwantar da shi kan jiƙaƙƙen zane, a yi masa fifita. Kada a tsoma shi cikin bokiti, kada a zuba masa ruwan ƙanƙara. Ta hanci zomo ke numfashi, in har ya buɗe baki yana haki to abin ya yi nisa.

Maganar ba ya shan ruwa kuwa, ba haka ba ne. Wanda ke cin ɗanyen ganye da damina ba ya sha da yawa, daga nan zancen ya samo asali. Zomo mai kilo 2 yana shan mililita 100 zuwa 300 a rana, ya fi haka da zafi. A zuba a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a sauya safe da yamma.

Koyar da wurin kashi ba wuya, don zomo da kansa yake zaɓar kusurwa ɗaya. Ki bar su kwana biyu ki ga inda suka zaɓa. Nan za ki ajiye faffaɗan baho mai gajeren baki, kamar inci 4, ki zuba ƙaiƙayi ko buntun shinkafa kaurin inci 2, ki ɗebo 'yan ƙwayoyin kashinsu da tsumman da kika goge fitsarin ki sa ciki. Sai ki ɗora ciyawarsu a gefe ɗaya na bahon, don zomo yana ci yana kashi ne. A juye bahon duk kwana biyu, taki ne mai kyau. Farin dabbaren da fitsarin ke bari, ruwan lemon tsami ko khal ke narkar da shi. Duka ba ya koya wa zomo komai sai gudunki.

Malamin Dabbobi, Gaya:

Abin da Baba ya faɗa kan ɗaki daidai ne. Bari in ɗauki abinci da magani, don a nan aka fi yin asara.

Hajiya, rashin abincin kanti ba matsala ba ce. Mafi yawan abin da zomo zai ci, kamar kashi 80 cikin 100, ciyawa ce, kuma kullum a ba kowanne damin da ya kai girman jikinsa. Dalili biyu ne. Haƙoransa 28 ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa kusan milimita 2 a mako, tauna ciyawa mai tauri ke goge su. In aka cika shi da dusa da tuwo, haƙoran sai su zarce, su soki harshe ko kumatu, ya riƙa dalalar da yawu ya daina ci. Na biyu, hanjinsa ba ya tafiya sai da harza, wato zaren da ke cikin ciyawa. Kuma zomo ba ya amai, duk abin da ya haɗiya, har gashin da yake lasa, sai ta baya zai fita.

Ki tanadi ƙiri-ƙiri, harkiya, burburwa da ƙyasuwa tun ba ta fitar da kai ba, a yanka ƙarshen damina a shanya a inuwa. Harawar gyaɗa da ta wake suna so ƙwarai, kuma ta dace da 'ya'ya masu tasowa da uwa mai shayarwa. Amma ga babban zomon da ke zaune a ɗaka, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ciyawar. Sinadarin kalsiyam ya yi yawa a cikinta, fitsari sai ya yi kauri kamar kunun alli, wani har tsakuwa yake yi a mafitsara. Ki riƙa shinshina harawar. In ta yi fumfuna ko warin ruɓa a zubar, zomo ba ya jure gubar fumfunar gyaɗa ko kaɗan.

Ɗanyen ganye kamar cikin hannu biyu ga kowanne a rana: ganyen dankalin Hausa, zogale, ganyen karas, latas, kabeji kaɗan. A bari ya ɗan yi yaushi kafin a ba su. Dusar gero ko ta masara cokalin cin abinci biyu zuwa uku ta isa. Karas ɗin kansa da mangwaro da kankana alawa ce a wurinsu, yanki kamar babban yatsa. Duk sabon abinci a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10, sauyin farat ɗaya ke kawo zawo.

Abin da ba a ba su: tumfafiya, zaƙami, zurma, bini-da-zugu, ganyen tumatir da na dankalin turawa, albasa, tafarnuwa, ɗanyen ganyen rogo, da gyauron dawa wanda ko akuya yana kayarwa. Ciyawar gefen gonar da aka yi wa feshi ma haka. A ja wa yara kunne kan biskit da burodi da ragowar tuwo.

Kashin zomo shi ne madubin lafiyarsa. Mai lafiya yana zubar da ƙwayoyi busassu masu girma ɗaya. In suka ƙanƙance ko suka ragu, a ƙara ciyawa da ruwa a janye dusa. In ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ya takure yana cizon haƙora, kada a jira gobe, a kai shi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Akwai kuma wani kashi mai laushi, a cure, da yake ci kai tsaye daga duburarsa, yawanci da dare. Ba ƙazanta ba ce, abinci ne yake maimaitawa. In kika fara ganinsa a ƙasa ko ya manne masa a gindi, dusa ta yi yawa. Da damina wannan mannewar haɗari ce, ƙuda na yin ƙwai a wurin, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama. A riƙa ɗaga wutsiya ana dubawa.

Yanzu magani, a nan nake roƙon a saurara. Kada a ba zomo amoxicillin, ampicillin, penicillin ko lincomycin ta baki. Suna kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar masa da abinci a hanji, bayan 'yan kwanaki zawo ya ɓarke ya mutu, mai shi yana cewa ai ya ba da magani. Wasu garin magungunan kaji da ake zubawa a ruwa suna ɗauke da irin waɗannan, a karanta jikin leda. Maganin ƙuma na karnuka mai fipronil shi ma kisa ne. Ɓawon da ke taruwa cikin kunne ko ƙazuwar hanci da ƙafa, ivermectin ke maganinsu, amma ma'aunin ƙanƙane ne: zomo mai kilo 2 bai wuce mililita 0.08 na mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ba, a ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kwana 14. Sirinjin awaki ba zai auna wannan ba, sai ƙaramin nan na insulin da masu ciwon suga ke amfani da shi, shi ya sa ya fi kyau ma'aikaci ya yi. Kada a ɓamɓare ɓawon kunnen da tsinke, da kansa yake zubewa.

Hajiyar Haɗeja:

Malam Allah ya saka da alheri. Ni abin da ke cikin ɗakin zan yi wa 'yar'uwata magana a kai, don maza ba su cika lura da shi ba.

Wayar sola da ta caja da ta fanka, duk wadda ke ƙasa da ƙugunki a zura ta cikin fayif ɗin wayarin ko a ɗaga ta sama. Cizo ɗaya suke datse ta. Tabarmar roba, ledar ɗaki, silifas da katifar soso su ne mafi muni, don in ya haɗiye suna toshe hanji. Tabarmar kaba ba komai ko ya ci. A ba su busasshen karan dawa da kwali su yi ta gwaguya.

Ɗakin da zomo yake ba a fesa fiya-fiya ko Sniper, ba a kunna maganin sauro na hayaƙi, ba a turaren wuta, ba a sa maganin ɓera. Buhun waken da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari kada ya kwana ɗaki ɗaya da su, ko da mutum ma bai kamata ba. Da hunturu kada a kai musu kaskon gawayi, sanyinmu ba ya damun zomo, a dai tare iska mai ƙura a ƙara ciyawar kwanciya. Ƙofa a rufe da dare saboda muzuru da gafiya.

Na ɗan saɓa da Baba kan buntu. Yana da kyau kuma a nan kyauta ake samunsa, amma a tankaɗe shi tukuna, garin da ke ciki yana sa su atishawa da ruwan ido. Garin katako na injin yanka ma haka.

Sai yaran. Gaskiya zomo ba mage ba ne, ba ya son a ɗaga shi sama. Kada su ɗauke shi ta kunne kamar yadda ake yi a kasuwa. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabo gindi, a manna shi a jiki. In ƙafafun baya suna reto ya yi harbi, ƙashin bayansa na iya karyewa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ƙananan yara su zauna a ƙasa, zomon ya zo da kansa, su shafa masa goshi. Ba a yi masa wanka.

Maman Biyu, Taura:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. To mace da namiji zan saya? Kuma in fitsarinsu ya taɓa abin sallah fa?

Malamin Dabbobi, Gaya:

In ba kiwo kike nufi ba, kada ki haɗa mace da namiji. Suna balaga a wata 4 zuwa 6, ciki kwana 31 ne ko kusa da haka, haihuwa ɗaya 'ya'ya 4 zuwa 8, kuma zomanya tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Maza biyu kuma da sun balaga faɗa ne har da yaga fata, ga watsa fitsari a bango. Mafi sauƙi mata biyu 'yan ciki ɗaya da suka tashi tare, su ma a sa ido lokacin balaga. In namiji ne a hannu, likita ya yi masa fiɗiya. Kada a yi masa dandaƙa irin ta bunsuru, halittar wurin daban ce, hanji na iya biyowa. Bayan fiɗiyar ma a raba shi da mace mako 6, don yana iya yin ciki a tsakanin.

Ki sayi waɗanda suka kai mako 8, masu gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa. Masu dogon gashi da masu lanƙwasassun kunnuwa ba su dace da zafinmu ba. Ki duba hanci a bushe, cikin kunne fes, gindi babu zawo, haƙoran gaba na sama sun ɗan rufe na ƙasa. Gara ki saya a gidan mai kiwo ki ga uwar, da ki ɗauko a kasuwa inda aka cakuɗa na wurare da yawa. Ɗan zomon daji da mafarauta ke kawowa wani jinsi ne daban, ba ya sabo da ɗaki. An tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Najeriya a 2020, mai kisa farat ɗaya, saboda haka duk sabon zomo a ware shi mako biyu zuwa huɗu kafin ya haɗu da na gida. Ki kuma sani zomon ɗaka yana kai shekara 8 zuwa 10, yaran za su iya gajiya da shi tun da wuri, aikin ya dawo kanki.

Batun sallah, a mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba najasa take ci ba, kuma zomo halal ne. Ki ƙara tuntuɓar malamin unguwarku. Amma dai ki riƙa naɗe dardumar ki ɗora sama, don ko bai yi fitsari a kai ba, zai cinye gezar.